Yadda nake kula da kofunan gilashin dalma

Kofuna shida na gilashin dalma, wanda ake kira kiristal, na gada daga mahaifiyata. Saura biyar. Na shidan ya tsage ranar da na zuba masa tafasasshen ruwa, har yau abin yana yi min ciwo.

Kafin komai, ku tabbatar shi ne. Ku ɗaga ku ji, ya fi gilashin yau da kullum nauyi. Ku ƙyasta bakinsa da farce, zai yi ƙara siririya mai jan lokaci, gama-garin kuwa ƙwas ɗaya ya yi shiru. A rana za ku ga yana watsa launuka kamar bakan gizo. Dalmar da aka narka a ciki ce ke sa duk wannan. A dokar Turai, sai sinadarin dalmar ya kai kashi 24 cikin 100 kafin a kira shi kiristal na dalma. Wani Bature ɗan Ingila, George Ravenscroft, shi ya yaɗa sana'ar, ya sami lasisinta a 1674.

Inda na fi damuwa shi ne abin sha. Dalma guba ce, kuma abu mai tsami yana tsotso ta daga jikin gilashin sannu a hankali. Sabon kofi, ku cika shi da ruwan khal ya yini ya kwana, ku zubar, ku ɗauraye sosai. Bayan haka, a zuba a sha nan take ba laifi, amma kada ruwan lemo ko makamancinsa ya kwana a ciki, balle a ajiye shi makonni a kwalbar kiristal. Yara da masu juna biyu kam ban yarda su sha da shi ba ko sau ɗaya, domin dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa.

Wajen wanki, ina shimfiɗa tawul a ƙasan roba, in zuba ruwan ɗumi da ɗan sabulu, in wanke ɗaya bayan ɗaya da soso mai taushi. Gilashin yana da laushi, shi ya sa ake iya sassaƙa masa zane, shi ya sa kuma soson ƙarfe ke karce shi. Injin wanke kwanuka yana dusashe shi. Ina gogewa nan da nan da ƙyalle marar gashi, in ajiye su a tsaye, baki sama, kada su taɓa juna.

Wanda bakinsa ya ɓalle, na daina sha da shi. Furanni nake sawa a ciki, kusa da taga.