Yadda Za Ka Gane Ko Fim Farfagandar Scientology Ne

Duk lokacin da wani jarumin Hollywood mai bin aƙidar Scientology, wani addini da ya samo asali a Amurka, ya fito a sabon fim, sai ka ji ana cewa tallar addininsa yake yi a fakaice. Zargin yana da nauyi, kuma bai kamata a yi shi ko a kore shi da ka ba, domin akwai hanyoyin da mai kallo zai bi ya tantance da kansa. Fim ɗin da ya fi dacewa a gwada waɗannan hanyoyi a kansa shi ne Battlefield Earth, wanda ya fito a watan Mayun 2000.

Ka fara da tambayar inda labarin ya samo asali da kuma wanda ya dage sai an yi shi. An ɗauko wannan fim daga littafin da L. Ron Hubbard ya wallafa a 1982, kuma Hubbard ɗin nan shi ne ya rubuta Dianetics a 1950, littafin da aka gina cocin Scientology a kansa. Jarumi John Travolta, wanda ya shiga cocin tun 1975, ya shafe shekaru yana neman kamfanin da zai yarda ya mayar da littafin fim, sannan da aka samu ya fito a matsayin mugun cikin labarin, ya kuma kasance cikin furodusoshi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya buɗe ido, amma bai isa a yanke hukunci ba.

Daga nan sai ka bi sawun kuɗi, ka ga aljihun da suka fito da wanda suka koma. Kamfanin Franchise Pictures ne ya shirya fim ɗin, Warner Bros. kuma ya rarraba shi, kuma babu ɗayansu da yake mallakar cocin. Sai dai haƙƙin littattafan Hubbard yana hannun Author Services, wata hukuma mai alaƙa da cocin, saboda haka duk wanda fim ɗin ya ja hankalinsa har ya sayi littafin, ya ƙara wa sunan Hubbard daraja da kasuwa.

Mataki na uku shi ne mafi wahala, domin yana buƙatar ka san koyarwar kafin ka iya gane ta idan ta sauya riga. Scientology ta daɗe tana gaba da likitocin ƙwaƙwalwa, har ta kafa wata ƙungiya mai suna CCHR (Citizens Commission on Human Rights) a 1969 domin yaƙar wannan fanni. To, baƙin halittun da suka mamaye duniya a labarin sunansu Psychlo, kuma a cikin littafin akwai wasu da ake kira Catrist waɗanda suke juya tunanin Psychlo tun suna jarirai. Idan ka haɗa sunayen biyu za ka ji sun yi kama da kalmar Turanci ta likitan ƙwaƙwalwa, wato psychiatrist, kuma da wuya a ce hakan katari ne daga marubucin da bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga likitocin ba. Amma fim ɗin kusan rabin farko na littafin kawai ya ɗauka, kuma abin da mai kallo yake gani shi ne wasu ƙatti masu dogon gashi suna bautar da mutane domin haƙar zinare a shekara ta 3000. Ba a ambaci cocin ba, ba a kuma gayyaci kowa zuwa wani darasi ba. An yi ta yaɗa cewa an cusa ɓoyayyun saƙonni a cikin hotunan, amma babu wanda ya kawo hujja. A ganina wannan aiki ne na mabiyi da yake son ɗaukaka malaminsa, kuma hakan ya bambanta da fim ɗin da aka tsara domin jawo sababbin mabiya.

Ka kiyayi hukunta fim saboda addinin jaruminsa kaɗai. A 1996 reshen matasa na jam'iyyar CDU a Jamus ya yi kira da a ƙaurace wa Mission: Impossible saboda jaruminsa Tom Cruise ɗan cocin ne, alhali labarin leƙen asiri ne da babu ƙamshin koyarwar Hubbard a cikinsa. Haka kuma kamanni kaɗai ba hujja ba ce: a 2013 wasu sun danganta After Earth da Scientology saboda dutse mai aman wuta da ya yi kama da na bangon Dianetics da kuma yadda ake nanata cewa tsoro zaɓi ne, duk da cewa jarumin fim ɗin, Will Smith, ya ce shi ba ɗan cocin ba ne, kuma shawo kan tsoro jigo ne da ya girmi Hubbard nesa ba kusa ba.

Daga ƙarshe ka duba abin da fim ɗin ya haifar bayan fitowarsa. Battlefield Earth bai tara ko dala miliyan 30 ba a gidajen sinima, masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, a 2010 kuma masu ba da lambar Razzie, wadda ake bai wa finafinai mafiya muni, suka zaɓe shi fim mafi muni na shekaru goma. Kashi na biyu da Travolta ya so a yi domin ƙarasa littafin har yau ba a yi shi ba.