Yadda ake ɗaura farfelar kabon a motar gudu ba tare da ta tsinke ba

Farfela ita ce sandar da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa tayoyin baya. Ta kabon ba ta da laifi a kanta. Nissan 350Z da Mazda RX-8 mai giyar hannu da ita suka fito daga kamfani, kuma suna shekaru ba a taɓa ta ba. Wadda mutum ya saya daga baya ya ɗaura ce ke yawan ba da matsala, kuma yawancin waɗanda na ga sun lalace, tun ranar ɗaurawa aka kashe su.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Bututu ne na zaren kabon da aka daskarar da wani irin gam, sannan aka manna masa kawunan alminiyom ko ƙarfe a gaba da baya. Ba walda a jikinsa. Don haka abu biyu ne maƙiyansa: zafi da gogayya. Kada ka matse shi a matsi, kada guduma ta kusance shi. Idan ya faɗi ƙasa, ka ƙwanƙwasa jikinsa da tsabar kuɗi ka saurara. Inda sautin ya dushe, zaren ya rabu daga ciki ko da waje sumul yake.

Kafin ka ɗora, ka ja layi da fenti daga bututun zuwa kan ƙarfen, a kowane gefe. Duk ranar da layin ya goce, mannin ya fara saki, sai a sauke.

Yanzu ga inda masu koyo ke faɗuwa. Farfelar asali sau da yawa gida biyu ce da boris a tsakiya, siririya, tana bin lanƙwasar ƙasan mota. Ta kabon guda ɗaya ce miƙaƙƙiya, kuma ta fi kauri. Sai mutum ya ɗaga mota a jek, tayoyi na reto, ya leƙa ya ga fili, ya ɗaure ya tafi. Wannan awon banza ne. Dole nauyin mota ya zauna a kan tayoyinta, a kan rami ko gadar duba mota, sannan ka auna. In aksul ɗin baya irin wanda ke hawa da sauka tare da tayoyi ne, ka sa a danna bayan motar ka ga inda farfelar ke kaiwa. Ka duba wayar burkin hannu, da kan noti, da maƙalin tsohon boris, da gefen farantin da ke tare zafi. Ƙarfe zai jure gogayya ya yi ta ƙara yana faɗa maka. Kabon kuwa shiru zai yi, zaren yana yankewa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da ka taka wuta ya tarwatse kamar tsintsiya.

Salansa ma haka. Ni ba na yarda ta matso ƙasa da inci 2 ba tare da farantin tare zafi ba, musamman kusa da wurin manni. Wasu na cire farantin wai don rage nauyi, alhali kuɗinsa kashi kaɗan ne na kuɗin farfelar.

Sai kusurwa. In kuros (gaɓar da ke barin farfela ta juya a karkace) ne a gefe biyu, karkatar na gaba da na baya su zo kusan ɗaya, bambancin kada ya wuce digiri 1, kowanne kuma kada ya haura 3. Manhajar awon kusurwa ta waya ta isa. Kan da ke zamewa cikin giyabos ka bar masa wajen inci 1 na wasa.

Ka ɗaure notoci da sifana mai auna ƙarfi daidai yadda takardar kamfanin ta ce, ka sa gam ɗin noti. In tayoyin baya na tsalle lokacin tashi, ka ɗaga ƙafa nan take ka gyara robobin aksul, domin wannan fizgar ce ke ɓalle manni. Bayan fitar farko ka koma ƙarƙashi ka duba layin fentin da duk wani wuri mai sheƙi a jikin bututun.