Ranar da Mai Duba Zai Zo, Kada Tsoho Ya Ce "Lafiya Lau"

Sau uku ke nan a bana wani ɗan'uwa na tare ni bayan sallar Juma'a a unguwar St. Georg da ke Hamburg, takarda a hannu, yana cewa an hana tsohonsa taimakon inshorar kula da gajiyayyu. Duk ukun kuskurensu ɗaya, kuma shi ne wanda na yi wa Kawuna. Shi ya sa na zauna rubuta wannan domin sababbin zuwa Hamburg da sauran garuruwan Jamus.

Tun 1995 ƙasar nan ke da inshorar kula da gajiyayyu, kuma ta fi son tsoho ya zauna a ɗakinsa a riƙa kula da shi. Duk mai inshorar lafiya ta gwamnati yana ciki, daga albashi ake cire kuɗin. Ofishin sunansa Pflegekasse, yana haɗe da inshorar lafiyarka. Nema ba wuya, waya ɗaya ko gajeriyar wasiƙa ta isa, kuma daga watan da ka nema ake fara lissafi. Sharaɗin shi ne mutum ya yi shekara 2 a cikin inshorar a shekaru 10 da suka wuce. Masu tunanin ɗauko Hajiya daga Kumasi ko Damagaram da bizar ziyara su sa ta a tsarin, su ajiye wannan tunanin tun yanzu.

Inda ake faɗuwa shi ne ranar dubawa. Za a turo ma'aikaci gida ya ga abin da tsoho ke iya yi da kansa: tashi, wanka, sa tufafi, cin abinci, shiga bayi, shan magani, tuna abubuwa. Maki yake bayarwa, makin ne ke ɗora mutum a mataki na 1 zuwa na 5, abin da suke kira Pflegegrad. Kula da jiki kaɗai, wato wanka da bayi da ci, shi ke ɗauke da kashi 40 cikin 100.

Kawuna ya daɗe yana aikin ƙarfi a tashar jiragen ruwa kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ke yi masa wanka, ni ke tashi sau biyu ko uku cikin dare in kai shi bayi. Ranar da za a zo, na yi abin da aka koya mini tun ina yaro idan za a yi baƙo. Na share ɗaki, na kunna turaren wuta, na sa masa babbar riga da hula, na ɓoye fo da kunzugunsa a ƙarƙashin gado. Mace ce ta zo. Da ta tambaye shi yaya jiki, ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Da ta tambayi maganar bayi, ya sunkuyar da kai ya ce shi ke zuwa da kansa. Ta ce ya miƙe, ya tattara duk ƙarfin da Allah ya bar masa ya miƙe, bayan ta tafi ya yini a kwance. Ni kuma ina tsaye, ban iya ƙaryata Kawu a gaban baƙuwa ba. Abin da ta gani ta rubuta, ba ta da laifi. Aka ba shi mataki na 1, wanda babu kuɗin hannu a cikinsa.

Har yau abin na ci mini rai. Kunya ado ce a wurinmu, amma a wannan awa guda takan jawo wa dattijo asarar haƙƙin da ya biya da guminsa.

Allah ya taimake ni wata 'yar'uwa mai aikin jinya ta ce in ɗaukaka ƙara. Wata ɗaya tak ake da shi daga ranar da amsa ta iso, kuma a rubuce ake yi, Widerspruch suke ce masa. Na nemi kwafin rahoton, na sayi littafi na riƙa rubuta duk abin da nake yi masa dare da rana har mako biyu, na haɗa takardun asibiti. Mafi wuya shi ne zaman da na yi da shi, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan karon zan faɗi komai a gabanka." Ya daɗe shiru kafin ya ce to. Aka sake dubawa, aka ba shi mataki na 3. A 2025 wannan Yuro 599 ne a wata idan dangi ke jinya, ko kuma a raba, ma'aikatan jinya su riƙa zuwa da safe, dangi su karɓi ragowar. Idan tsohuwa ba ta son namiji ya taɓa ta, a faɗa wa kamfanin jinyar tun ranar farko.

Maganar bahon wanka ma ta ja mini wahala. Ana ba da tallafin gyaran gida da ya haura Yuro 4,000, amma a nemi tallafin kafin a kira magini, kuma a karɓi izinin mai gida a rubuce. Namu da baki ya amince, daga baya ya ce bai san zancen ba, muka yi wata huɗu muna musayar wasiƙu.

Ina alfahari da jama'armu a garin nan. Matan zango na kai wa marasa lafiya tuwo bi da bi, samari na raka dattawa asibiti suna yi musu tafinta. Abin da ke ba ni haushi shi ne wanda ya zo jiya, ya ajiye ambulan bai buɗe ba har wa'adi ya wuce, alhali ga ofishin Pflegestützpunkt a gundumarsa inda ake ba da shawara kyauta. Mace ta yi shekaru tana jinyar surukarta ba a rubuta sunanta ba, bayan kuwa daga mataki na 2 ana zuba wa mai jinya kuɗin fansho idan yana yin awa 10 a mako a cikin kwana biyu ko fiye, kuma aikinsa na waje bai wuce awa 30 ba.

Idan tsoho zai je gida ganin dangi ko zai tafi Umara, a sanar da Pflegekasse kafin a sayi tikiti. A wajen Tarayyar Turai 'yan makonni kawai ake ci gaba da biya, a sa su rubuto adadin kwanakin a takarda.