Ku ajiye mai gadi tun a samfurin farko

Salamu alaikum 'yan uwa masu rubuta manhaja.

Duk mai ma'ajiyar samfuri a GitHub, wadda yake kwafa in zai fara sabon aiki, don Allah ya saka fayil ɗin .pre-commit-config.yaml a ciki. Shi ne saitin pre-commit, mai gadin da ke duba aikinka kafin ka adana shi a Git (commit). Ni Ruff nake sawa don duba kurakurai a Python, sai detect-private-key mai kama makullin sirri, don na taɓa tura makullin sirri da tsakar dare ido ya yi nauyi, washegari na wuni ina canza shi.

Ga inda ake tuntuɓe: Git ba ya kwafo abin da ke cikin .git/hooks, inda mai gadin yake zama. Saitunan za su biyo ka, mai gadin kuwa yana can baya. Dole kowa ya buga pre-commit install da hannunsa, saboda haka ku rubuta shi a saman README. Masu Node sun huta, Husky, mai gadin da suke amfani da shi, na kama aiki da zarar an yi npm install, muddin an sa shi a layin prepare na fayil ɗin package.json.

Kada ku cusa wa mai gadin gwaji mai cin minti biyar, mutum zai gaji ya koma --no-verify, wanda ke tsallake mai gadin. Irin wannan ku bar wa GitHub Actions, mai gudanar da gwaji a can GitHub, can ma a sake buga pre-commit run --all-files.