Yadda za ka yi sharhin komik ɗin mafaraucin dodanni

Abu na farko dai, kada ka karanta fitowa ɗaya ka zauna rubutu. Komik ɗin Amurka, wato labarin da ake bayarwa cikin zane-zane, kowace fitowa shafi 20 da 'yan kai ce, wata-wata, labarin ba ya kankama sai an haɗa biyar ko shida a kundi guda. To nemi kundin farko ka karanta shi sau biyu. Karon farko bi labari kawai, in da hali da daddare, ka riƙe wuraren da gabanka ya faɗi. Karo na biyu rabu da maganganun, zuba wa zane ido.

Nan ne fa masu sharhi da yawa suke zamewa, sai su yi ta zuba maka abin da ya faru kamar nobel suka karanta. Ai komik ba shi da sauti, babu kiɗan da zai razana ka irin na fim, babban makaminsa juya shafi ne. Mai zanen da ya san hannunsa zai tsayar da kai a akwatin ƙarshe na shafin dama, yaro ya kama marfin ƙofa, kana juyawa sai ga dodon ya cika takarda. Duba ko haka aka yi, ko kuwa an ajiye shi inda idonka ya riga ya hango tun kafin ka iso, wannan kam an yi asarar tsoro kuma ka faɗa ƙarara. Ka lura da baƙin launi ma, nawa aka ɓoye a duhu nawa aka nuna, don dodon da aka haska ko'ina a jikinsa tun shafi na 3 ya zama abin wasan yara.

Sai dokar dodo. A Something Is Killing the Children, wanda James Tynion IV ya rubuta Werther Dell'Edera ya zana, ya fara fita 2019, yara ne ke ganin dodannin manya ba sa gani, shi ya sa duk wanda ya ga mafarauciyar dodannin, Erica Slaughter, da makami a garin Archer's Peak ita yake zargi. Nemo irin wannan dokar a littafin da ke hannunka, ka ga ko marubucin ya riƙe ta ko ya karya ta da labari ya cushe masa.

Shi kuma mafaraucin, me farautar take ci masa? In kullum sara ɗaya ya gama ko ƙwarzane babu, ni dai ban ga abin tsoro ba.

Wajen rubutawa ambaci mai kala da mai tsara haruffa, ba marubuci kaɗai ya yi aikin ba. Kar ka fasa ƙwai, labarin da za ka bayar ya tsaya a fitowar farko, in dole sai ka taɓa ƙarshe to sa gargaɗi a sama. Kuma faɗi yawan jini da ke ciki, akwai iyayen da ke ganin duk abin zane na yara ne.