Matakan tallata sabon fodkas a kafofin sada zumunta

Matasa daga Gusau da Ƙaura Namoda sun sha tambayata yadda za su sanar da jama'a sabon shirinsu na sauti, wato fodkas. Ga matakan a jere.

1. Ka ɗora kashi uku a Spotify ko YouTube kafin ka fara talla, domin wanda ya ji daɗin na farko ya tarar da na gaba.

2. Ka yanko gutsuren da bai wuce daƙiƙa 30 ba daga inda hira ta fi armashi.

Gargaɗi: kada gutsuren ya fara da doguwar gaisuwa, domin kafin ka gama tambayar iyali da gajiya mai kallo ya wuce. A nan mafi yawa suke kuskure.

3. Ka mayar da gutsuren bidiyo, ka rubuta kalaman a jikinsa, saboda mai kallo a kasuwa ko cikin mota ba ya buɗe sauti.

4. Ka wallafa shi a Facebook da TikTok da WhatsApp bayan sallar isha'i, lokacin da mutane suka natsu.

5. Ka nemi izinin shugaban zauren WhatsApp kafin ka tura.

6. Ka roƙi baƙon da ka tattauna da shi ya yaɗa a shafinsa.

Gargaɗi: idan hirar ta taɓo matsalar tsaro, kada ka bayyana fuskarsa ko sunan ƙauyensa sai da yardarsa, domin rayuwarsa ta fi shirinka muhimmanci.

7. Ka tanadi sauti mara nauyi domin masu ƙarancin data.

8. Ka amsa duk wanda ya yi tsokaci, ko da sukarka ya yi.