Yadda Ake Zaɓen Maikrokontrola Mai Tsimin Wuta Don Na'urar Da Batir Ke Riƙe Da Ita

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe shafin farko na takardar bayanan kamfani, a ga ƙaramar lamba ta wutar da cip ɗin maikrokontrola, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'ura, ke ci yana barci, a ce an samu wanda ya fi. Wannan lambar ita kaɗai ba ta gaya maka kwana nawa batir zai yi. Abin da ke gaya maka shi ne matsakaicin wutar da allon gaba ɗaya ke ja, barci da farke a haɗe. Don haka kafin ka kwatanta ko cip ɗaya, ɗauki biro ka rubuta abu uku: sau nawa na'urar za ta farka, tsawon wane lokaci za ta yi aiki, da wutar da za ta ja a lokacin.

Ga misali. Na'urar auna zafin ɗakin ajiyar magani tana farkawa kowane minti 10, wato daƙiƙa 600. Ta karanta sensa, ta aika ta Bluetooth, duka cikin daƙiƙa 0.05 tana jan 5 mA, wato ma'aunin wutar da ake ja. Ninka 5 da 0.05, ka raba da 600, za ka samu kusan 0.0004 mA, wato 0.4 µA, tunda mA ɗaya µA 1000 ne. Idan tana barci da 2 µA, jimla 2.4 µA ke nan, kuma barcin ne ya cinye kaso mafi tsoka. A irin wannan aiki kowace µA ɗaya ta barci abin nema ce.

Yanzu sauya Bluetooth da Wi-Fi a kan cip ɗin ESP32. A ce haɗuwa da rauta da aika saƙo na ɗaukar daƙiƙa 3 a kan 120 mA. Lissafi ya koma 0.6 mA, wato 600 µA. Barcin ESP32 na kimanin 10 µA ya zama ɗigo a teku. Batirin lithium 18650 mai 2500 mAh, wato ma'aunin cajin da yake ɗauka, zai yi wajen wata biyar da rabi. Ka mayar da aikawar sau ɗaya a awa, a lissafi ya haura shekara biyu ba tare da ka taɓa ko waya ɗaya ba. A nan neman cip mai ƙarancin wutar barci ɓata lokaci ne, rage yawan kunna rediyo shi ne magani.

Da wannan lissafi a hannu sai a duba cip ɗin. ATmega328P, wanda ke kan Arduino Uno, yana sauka ƙasa da 1 µA idan an kashe komai, amma da zarar ka bar agogon da zai tashe shi a kunne, wato watchdog, sai ya koma wajen 4 zuwa 5 µA. Mai lura da faɗuwar bolt da ke cikinsa yana ƙara kusan 20 µA idan ba a kashe shi lokacin barci ba. Araha ne, ana samunsa ko'ina, kuma ya isa aiki mai sauƙi. Dangin STM32L4 na kamfanin ST suna barci a yanayin Stop 2 da kusan 1 zuwa 1.5 µA, agogo na tafiya, RAM, wato ma'adanar aiki ta cip, ba ta goge ba, kuma suna farkawa cikin ƙiftawar ido su ci gaba daga inda suka tsaya. MSP430FR na Texas Instruments yana da ma'adana irin FRAM, wadda rubutu a cikinta ba ya cin wuta kamar ma'adanar filash, shi ya sa ya dace da na'urar da ke yawan adana ma'auni. Idan Bluetooth ake so, nRF52832 na Nordic ne na fi ba da shawara: kusan 2 µA yana barci da agogo, kimanin 5 mA lokacin aikawa, muddin ka sa koyil ɗin DC/DC ka kunna shi a lambar shiri, wato firogiram ɗin da ka rubuta wa cip. Shi kuwa RP2040, cip ne mai kyau, amma barcinsa mafi nauyi yana wajen 180 µA, bai dace da ƙaramin batir ba.

Wajen kwatantawa, ka tabbata yanayin barcin iri ɗaya ne. Kamfani yakan sa a shafin farko lambar yanayin da RAM ta goge, agogo ya tsaya, sai an taɓa ƙafar cip kafin ya farka. Wannan ba shi ne barcin da na'urarka za ta yi ba. Nemi layin da ya ce agogo na tafiya kuma RAM na riƙe, a kan bolt ɗin da za ka yi aiki da shi. Sannan duba zafi. Yawancin lambobin a kan digiri 25 aka auna su, alhali akwatin roba da ke maƙale a jikin tankin ruwa a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu ya wuce nan nesa ba kusa ba. Yoyon wuta a cikin cip yana ƙaruwa sosai da zafi, don haka karanta layin digiri 55 ko 85 na teburin.

Sau da yawa cip ba shi da laifi, allon ne ɓarawon. Regulatan AMS1117, mai daidaita bolt, da ke kan yawancin allunan gwaji yana shan kusan 5 mA ko da babu abin da ke aiki. Ƙara fitilar LED da cip ɗin USB, ka ga dalilin da ya sa allon ESP32 da aka ce yana barci da 10 µA yake cinye batir cikin 'yan makonni. Sauya regulatan da MCP1700 mai cin kusan 1.6 µA, ko ka haɗa batir kai tsaye idan bolt ɗinsa ya dace da cip ɗin. Resista mai 10k, wato ohm dubu goma, da ke jan ƙafa sama, idan maɓalli ya riƙe ta a ƙasa, tana zubar da 330 µA a kan 3.3 V. Resista biyu masu 100k da ake auna cikar batir da su suna shan 21 µA dare da rana a kan 4.2 V, sa MOSFET, wato ƙaramin makunnin lantarki, ya yanke su, ko ka ɗaga su zuwa megohm ka ƙara ƙaramin kondensa. Ƙafar da aka bari a matsayin mashiga ba a haɗa ta da komai ba tana yawo tsakanin sama da ƙasa tana jan wuta, don haka ka ɗaure kowace ƙafa a lambar shiri. Kada ka manta da umarnin barci na sensa da na filash ɗin waje, ba sa kwanciya da kansu.

Batirin ma yana da halinsa. CR2032, ƙaramin batir mai kama da kwabo, yana da kusan 220 mAh, amma ba ya jure jan wuta mai yawa lokaci guda, kuma abin yana ƙara muni yayin da yake tsufa. Rediyo ya ja 15 mA, bolt ya faɗi, cip ya sake tashi daga farko, ya sake jan wuta, haka nan har batirin ya mutu da sauran caji a cikinsa. Kondensa na siramik mai 47 zuwa 100 µF kusa da batirin yana rage wannan. Wi-Fi da rediyon dogon zango na LoRa mai ƙarfi kuwa, wanda cip ɗinsa SX1276 ke kaiwa 120 mA, ba aikin CR2032 ba ne sam. Nemi AA biyu ko 18650.

Daga nan sai awo. Mita ta hannu a kan ma'aunin µA tana rage bolt ɗin da ke isa allo, har cip ya kasa farkawa, kuma ba ta kama ɗan gajeren jan wuta na rediyo. Power Profiler Kit II na Nordic yana zana maka wutar a kan kwamfuta daga barci har aikawa, ya kuma ba ka matsakaici. Cire wayar difoga, wadda ake bin diddigin shirin cip da ita daga kwamfuta, kafin ka auna, domin tana hana cip barci mai nauyi. Bari awon ya zagaya farkawa goma ko fiye, sannan ka raba ƙarfin batir da matsakaicin da ka samu, ka zaftare kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari saboda zafi da zubar cajin da batir ke yi da kansa. Idan abin da ka auna ya ninka lissafinka, ciro kayan allon ɗaya bayan ɗaya, ka fara da regulata.